DAGA ALLON ADUWA ZUWA ALLON GILASHI: WACE KWAMFUTA TA DACE DA MAI RUBUTU A GIDA?



Akwai tambayar da kusan kowane sabon marubuci yake yi da zarar ya tara 'yan kuɗinsa: wace na'ura zan saya in riƙa rubutu da ita a gida, kwamfutar hannu da ake kira tab, ko kwamfutar cinya da muke kira laftof? Yawancin amsoshin da ake bayarwa suna ɗauka cewa mai tambayar yana da wutar lantarki, yana da sabis, kuma yana da ɗaki nasa shi kaɗai. Marubucin da ke zaune a Ƙauran Namoda ko Shinkafi ko Zurmi ba lallai ne ya haɗa ukun nan ba. Saboda haka yau za mu bi tarihin kayan rubutu a wannan yanki na arewacin Zamfara, domin tambayar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, kuma magabata sun riga sun ba ta amsa irin tasu.

ALLO DA TAKARDA

Kafin zuwan Turawa, mai ilimi a ƙasar Zamfara yana da abin rubutu iri biyu, kowanne da aikinsa.

Na farko allo ne. Ana sassaƙa shi daga icce mai ƙwari irin su aduwa, a fiƙe alƙalami daga karan gamba, a haɗa tawada da gawayi da ƙaro. Allo ba shi da nauyi, ana riƙe shi a hannu ko a ɗora a cinya, a karanta a zaure ko a gindin wuta da dare. Yaro ya fara da babbaƙu, ya shiga farfaru, ya kai ga rubuta wa kansa. In ya haddace abin da ke kai sai ya wanke ya rubuta na gaba. Allo ɗaya yana iya yi wa wa da ƙane hidima. Amma ba a ajiye littafi a kansa. Duk abin da ke kan allo na ɗan lokaci ne, in ban da allon zayyana da ake ƙawatawa ranar sauka.

Na biyu takarda ce, ita kuwa daga nesa take zuwa. Mafi yawan takardar da malaman ƙasar Hausa suka yi aiki da ita a ƙarni na 19 a arewacin Italiya aka yi ta, tana ɗauke da tambarin jinjirin wata uku da ake gani in an ɗaga ta a haske. Fatake ke ɗauko ta daga Tarabulus, su keto Sahara da ita a kan raƙuma har kasuwannin Kano da Katsina. Abin da ya yi irin wannan tafiya ba a wasa da shi. Almajiri ba ya taɓa takarda sai hannunsa ya faɗa a kan allo. In an gama rubuta littafi, ba a ɗinke shi, sai a jera fallayen, a rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan kowane shafi don kada su rikice, a sa a tadarishi, a jefa cikin gafaka.

Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi. Namoda, wanda garin Ƙaura ke amsa sunansa, yana cikin jagororin yaƙin da suka ci Alƙalawa a 1808, shi da sarakunan Zurmi kuma duk daga zuriyar Alibawa suke. Abin da ya sa har yau muke iya karanta littattafan Shehu da na Abdullahi da na Bello da waƙoƙin Nana Asma'u shi ne an sauke su a takarda, an kuma yi ta kwafarsu daga hannu zuwa hannu, gari zuwa gari. Allunan da ɗalibansu suka yi karatu a kai tuni gara ta cinye.

To ku riƙe wannan rabon aiki: allo na karatu da gwaji da riƙewa a hannu, takarda ta kammalawa da ajiya. Ba wanda ya taɓa tambaya wanne ya fi, domin kowa ya san inda kowanne ke shiga.

Akwai kuma waɗanda ba su nemi ko ɗaya ba. Ibrahim Narambaɗa, ɗan Tubali da ke ƙasar Shinkafi a yau, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da Kassu Zurmi makaɗin maza, a ka suke tsara waƙa, a bakin 'yan amshi suke ajiye ta. Abin da ya iso gare mu daga cikin waƙoƙinsu shi ne wanda na'urar ɗaukar murya ta riska. Sauran sun tafi tare da masu su.

JIRGIN ƘASA DA KEKEN RUBUTU

A 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda. Don kwasar gyaɗa da auduga aka shimfiɗa shi, amma taragon da ya tafi da buhu ba ya dawowa wayam. Ta wannan hanya takarda ta daina zama kayan raƙumi ta koma kayan kanti. Akawun kamfani da malamin haraji da ma'aikacin tasha suka zo da littattafan lissafi da fensir da wata sabuwar na'ura, wato tafireta, wadda wasu ke kira keken rubutu.

A ɗaya ƙarshen layin, a Zariya, hukumar fassara da talifi ƙarƙashin Rupert East ta shirya gasar ƙagaggun labarai a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. A watan Janairun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo. A shekarun nan ne kuma aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, a rubutun boko, maimakon ɗigo da waƙafin sama da ake amfani da su a da.

Daga nan wata matsala ta kunno kai wadda har yau ba ta bar mu ba. Tafiretar da ke zuwa daga Ingila don Turanci aka ƙera ta, ba ta san ƙ ba. Mai bugawa sai ya buga k, in yana da himma ya bi da alƙalami ya lanƙwasa, in ba shi da ita ya bar mai karatu ya raba baki da baƙi, kafa da ƙafa, kare da ƙare.

Tafireta kuma ba kayan gida ba ce. Ta ofis ce, ta kotu, ta makaranta. Ko da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, zamanin da Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina, Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya, Ado Ahmad Gidan Dabino kuma ya biyo da In Da So Da Ƙauna, yawancin marubuta da biro suke rubutu a littafin 'yan makaranta, sannan su kai wa mai bugawa. Wato tsohon rabon aiki yana nan: gwaji a gida, kammalawa a wani wuri, a hannun wani. Wannan wanin shi ke zubar da lanƙwasa, ya tsallake layi, wani lokaci ma ya ɓatar da littafin baki ɗaya.

KWAMFUTA TA SHIGO GARI

An kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Ƙauran Namoda a 1983, aka ƙirƙiro jihar Zamfara ranar 1 ga Oktoba, 1996. Inda duk aka tara ɗalibai da ma'aikata, akwai kundin kammala karatu da takardun ofis da za a buga, don haka shagunan buga takardu suka yawaita, tafireta ta ba kwamfutar tebur wuri, ƙarar janareta ta zama alamar shagon da ke aiki. A watan Agustan 2001 wayar salula ta fara aiki a Nijeriya, a hankali turakun sabis suka iso garuruwanmu.

A can ƙasashen da ake ƙera na'urorin kuwa, tab da laftof tushensu ɗaya. A 1972 wani masani Ba'amurke, Alan Kay, ya zana kwamfutar da yake fatan yara su riƙa ɗauka kamar littafi, ya kira ta Dynabook. Zanen nasa allo ne shimfiɗaɗɗe mai fuska a sama da madannai a ƙasa. Fasahar lokacin ba ta kai a ƙera ta ba. Osborne 1 da ta fito a 1981 ta kusa kilo 11, kamar keken ɗinki. Toshiba T1100 ta 1985 ta sauko zuwa wajen kilo 4, tana da batir, ana buɗe ta ana rufewa kamar ƙwarya da faifai. Wannan reshen shi ya zama laftof, magajiyar tafireta.

Ɗaya reshen ya jira har 2010. Ranar da Steve Jobs ya nuna iPad ga duniya a watan Janairun shekarar, a kan kujerar hutawa ya zauna ya ɗora ta a gwiwa yana duba jarida da hotuna. Zaman nan kaɗai ya faɗi abin da aka yi ta dominsa: karatu da kallo a gida, cikin natsuwa. Kamfanin ya yi alkawarin batirinta zai kai awa goma.

A Nijeriya an gwada duka biyun a makarantu. A 2007 aka raba wa yaran firamaren Galadima da ke Abuja ƙananan laftof na shirin nan na kowane yaro da kwamfutarsa. A 2013 gwamnatin Osun ta Rauf Aregbesola ta ƙaddamar da tab mai suna Opon Imo, wato allon ilimi da Yarabanci, an zuba mata littattafan sakandare da tsofaffin tambayoyin jarrabawa yadda ba ta buƙatar intanet. Su ma da allo suka kwatanta ta. Amma da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, gaban madannai da linzami aka zaunar da ɗalibi. Ya yi karatu a allo, ranar kammalawa kuma wata na'ura ce ke jiransa.

ZAMANIN BABBAN YATSA

Abin mamaki, na'urar da ta fi sauya rubutun Hausa ba ɗaya daga cikin biyun nan ba ce. Waya ce. Da Facebook da WhatsApp da Wattpad, marubuciya a cikin ɗakinta ta sami hanyar da za ta rubuta shafi da daddare, kafin asuba masu karatu sun gani sun yi sharhi. Babu mai bugawa, babu ɗan kasuwa, babu kuɗin mota zuwa Kano. Mata su suka fi cin moriyar wannan, domin waya tana shiga inda shagon buga takardu ba ya shiga. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 domin mata zalla tana neman labari mai kalma 1,000 zuwa 1,500, tsawon da babban yatsa zai iya ɗauka.

Sai dai wannan zamani ya zo da nasa tabon. Wayoyin farko ba su da lanƙwasa, sai aka koma rubuta qasa da 6ata da d'aki, har ya zame wa wasu jiki. Kuma rubutun da ake saki shafi-shafi ba a cika komawa a gyara shi ba. Sunan tauraro ya canza a tsakiyar labari, wanda ya mutu a babi na biyar ya dawo a na ashirin, ba wanda ya lura, domin marubucin bai taɓa ganin littafinsa a dunƙule ba. Wato ana ta rubutu a allo, ba a saukewa a takarda.

GWAJIN 2021

Ranar 3 ga Satumba, 2021, hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanonin waya su katse sabis a duk faɗin Zamfara bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Da farko mako biyu aka ce. A daidai lokacin an rufe kasuwannin mako, an hana sayar da fetur a jarka. Mutumin Zurmi ba zai ce bari ya leƙa Jibiya ya kama sabis ba, domin Katsina ma ta katse a ƙananan hukumomi 13 har da ita. Mutumin Shinkafi ba zai dogara da Isa ba, domin Sakkwato ta bi sahu. An dawo da sabis a Gusau a farkon Oktoba, sauran sassan jihar kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba aka sanar da buɗe su.

Mutane sun sha wahalar da ta fi ta rubutu, ba a ma haɗa su. Amma ga marubuci, watannin nan sun tona abu biyu da mai sayar da na'ura ba zai gaya maka ba.

Na farko, duk rubutun da ke zaune a intanet kaɗai ba ya hannunka. Wanda littafinsa ke cikin fayil a na'urarsa zai iya ci gaba da aiki ko an shekara babu sabis. Wanda shafukansa ke warwatse a dandali, ba shi da kwafi, sai jira. Ba ma sai gwamnati ta katse layi ba. OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafansu, ta rufe a ƙarshen Nuwamban 2023.

Na biyu, wuta ce ke yanke hukunci. In babu fetur a jarka, janaretan mai cajin waya ma ya yi shiru. A nan tab ta yi wa laftof fintinkau. Cajar laftof ta yau da kullum tana jan wat 45 zuwa 65, ta tab kuwa 10 zuwa 20, yadda ƙaramin faifan sola ko fawa banki zai iya cika ta. Laftof ta hannu, wadda ita ce aljihun yawancinmu ke iya kaiwa, sau da yawa batirinta ya riga ya gaji kafin ta iso.

TO WACCE ZA A SAYA?

Tarihin nan bai ce ga wadda ta fi ba. Abin da ya nuna shi ne aikin rubutu hawa biyu ne, kowace na'ura kuma da hawan da ta fi ƙwarewa a kai.

Tab ita ce allon wannan zamani. Ta fi daɗin karatu, marubuci kuwa sai da karatu. Tana jure rashin wuta. Ana aiki da ita a kan tabarma, ko a bakin murhu ana jiran tukunya, ko ana jijjiga yaro. Tana ɗaukar murya, don haka mai son tattara tarihin garinsu daga bakin tsofaffi ya sami abin da mutanen zamanin Narambaɗa suka rasa. Ko a batun lanƙwasa ita ce a gaba: in ka sa Hausa a Gboard, ɓ da ɗ da ƙ suna ƙarƙashin yatsanka. Aibinta shi ne aibin allo. Kowa a gida yana ganin yana da rabo a ciki, yara su ɗauka su kalli katun, gilashin ya fashe, ko a goge fayil ba da sani ba. Saƙonni kuma suna ta shigowa kana tsakiyar jimla, ga shi ba a haɗa gudu da susar katara.

Laftof ita ce takarda da tafireta a haɗe. Yatsu goma sun fi biyu sauri. Kana iya buɗe babi na uku da na talatin gefe da gefe, ka nemo duk inda sunan tauraruwa ya fito ka gyara a lokaci guda, ka tsara shafuka yadda maɗaba'a ke so. Littafi mai kalma dubu sittin ba ya gyaruwa da kyau a fuskar da rabinta madannai suka cinye. Windows tana da tsarin madannan Hausa, sai dai sai ka shiga ka kunna shi da kanka, abin da da yawa ba su sani ba. Aibinta kuwa wuta, da tsada, da nauyi, da ƙurar hunturu da ke toshe mata fanka. In ta lalace, gyaran kirki yana iya kai ka Gusau ko Kano, a kan hanyoyin da kowa ya san ba a binsu don nishaɗi.

Saboda haka ka fara duba wutar gidanku kafin ka duba kasuwa. In ba ka da sola kuma wutar gari ba ta da tabbas, tab da ƙaramin kibod na Bluetooth sun fi maka laftof mai mataccen batir, kuma haɗin nan shi ne kusan abin da Alan Kay ya zana tun 1972. In kana da wuta, kuma ka kai matakin gyara dogon littafi, ko kana haɗa rubutu da karatun kwaleji, laftof ce taka, wayarka ta tsaya a matsayin allo. In kuɗin bai kai ko ɗaya ba, waya da littafin 'yan makaranta sun isa a fara. Littattafan da muka tashi muna karantawa da biro aka rubuta su. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Abin da ba a sassauta shi ko da wace na'ura kake aiki shi ne saukewa. Kowane babi ya zauna a fayil ɗaya da ke buɗewa ba tare da sabis ba. Ka yi masa kwafi a filas ko katin memori, ka tura wani kwafin zuwa imel ɗinka duk ranar da sabis ya samu, in littafin ya kammala kuma ka buga shi a takarda ko da kwafi ɗaya ne, ka ba wani amintacce a wani gari ya ajiye. Haka malaman da suka gabace mu suka yi, shi ya sa rubutunsu ya wuce yaƙi da gobara da gara ya iso gare mu.

'Yan uwa na Ƙaura da Shinkafi da Zurmi da suka ga watannin 2021 da idonsu, muna son jin yadda kuka yi da rubutunku a lokacin, da abin da kuke aiki da shi yanzu. Allah Ya kawo mana zaman lafiya a yankinmu, Ya ƙara wa alƙalumanmu albarka. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.